Jita da jita-jita: rabin labarin Cat Stevens

Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a bakin mutane, daga majalisar dattijai zuwa fadar matasa, wani lokaci har cikin aji. Ga yadda ake ba da shi: an yi wani Bature mawaƙi a Ingila mai suna Cat Stevens, wanda duniya ta buɗe wa ƙofofinta duka, ga dukiya ga suna, sai Allah ya shirye shi, ya musulunta, ya koma Yusuf Islam, ya yar da jita bai sake waiwayarta ba. Daga nan mai ba da labari sai ya gyara murya, ya dubi yaron da aka gani da gurmi ko jita, ya ce masa: to kai wane ne? Labarin yana da daɗin ji, yana kuma da saurin kashe baki, amma an yanke shi a tsakiya. Mutumin da ake kafa hujja da shi ya koma ga jitarsa, kuma tsakanin 2006 da 2023 ya fitar da manyan faifai shida da kayan kiɗa, yana nan da sunansa Yusuf da addininsa. Wanda ya san haka ya ɓoye ya ci amanar masu saurare. Wanda kuma yake koyar da labarin bai bincika ƙarshensa ba ya yi sakacin da bai dace da malami ba.

Akwai kuma masu riƙe da ɗaya rabin. Ƴan jaridar Turai da Amurka sun daɗe suna rubuta tarihinsa kamar na wanda ya ɓace a daji shekara ashirin da takwas, sannan hankalinsa ya dawo. Wasu masoya al'adu na ƙasashen Sahel sun ari wannan bakin, sun mai da komawarsa ga kiɗa sandar dukan masu wa'azi, suna tsallake duk abin da zai rage wa gwarzon nasu haske. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a laifi ɗaya: kowanne ya ɗauki yankin rayuwar mutum da ya yi masa daidai, ya zubar da saura. Tun da Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ya kamata a bi rayuwar daga tushe, da shekarunta da faifayenta, a ga ko ta yarda a raba ta biyu.

An haife shi a Landan ranar 21 ga Yuli 1948, aka raɗa masa suna Steven Demetre Georgiou. Mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Ƙubrus, mahaifiyarsa ƴar Suwidin, suna da gidan abinci a titin Shaftesbury, a unguwar gidajen wasan kwaikwayo. Uban yana bin cocin Girka, amma yaron ya yi firamare a makarantar Katolika. Ke nan tun yana ƙarami ya tashi tsakanin harsuna da aƙidu dabam-dabam. Ya so zama mai zane, har ya shiga makarantar zane ta Hammersmith, kafin waƙa ta janye shi. A 1966, yana ɗan shekara 18, wani mai tsara faifai mai suna Mike Hurst ya kai shi kamfanin Deram. Waƙarsa ta farko, I Love My Dog, ta shiga jerin waɗanda suka fi kasuwa a Birtaniya, ta biyu kuma, Matthew and Son, ta kai mataki na 2 a farkon 1967. A shekarar ya yi rangadi tare da Jimi Hendrix. A lokacin ne kuma ya sayar da waƙarsa The First Cut Is the Deepest ga mawaƙiya P. P. Arnold a kan fam 30 kacal, waƙar da Rod Stewart ya kai mataki na 1 a 1977.

Wannan ɗaukaka ta farko ba ta yi ƙarko ba. Faifansa na biyu, New Masters, bai yi kasuwa ba, shi kansa kuma ya ƙosa da yadda ake lulluɓe muryarsa da tarin goge da ƙaho. Ana cikin haka, a ƙarshen shekarun 1960, tarin fuka ya kwantar da shi. Ya shafe watanni a asibitin Midhurst, sannan ya yi doguwar jinya a gida. Saurayin da aka saba tafa wa ya ga mutane suna mutuwa a gadajen da ke kusa da nasa. Ya shiga karatun addinai da tunani a kan mutuwa, ya kuma rubuta waƙoƙi wajen arba'in. Masu ba da rabin labari suna tsallake wannan jinya, domin tana rushe musu gini: tana nuna cewa neman Ubangiji ya fara kusan shekara goma kafin musuluntarsa, kuma da jita a hannu ya yi wannan nema.

Shaidar tana cikin faifayen. Da ya warke ya koma kamfanin Island, ya haɗu da Paul Samwell-Smith a matsayin mai tsara faifai da Alun Davies a matsayin abokin kaɗa jita, suka rage kayan kiɗa har murya da kalmomi suka fito fili. Cikin wata goma sha takwas ya fitar da faifai uku da har yau su ne ginshiƙin sunansa: Mona Bone Jakon da Tea for the Tillerman a 1970, sai Teaser and the Firecat a 1971. Shi ne kuma ya zana hotunan bangonsu da hannunsa. Wanda ya saurare su da kunnen basira zai ji abin da ke damun mai su. Where Do the Children Play? tana tuhumar ci gaban da ya cinye filin wasan yara. On the Road to Find Out labarin matafiyi ne da ya bar gida don neman gaskiya. Father and Son muhawara ce tsakanin uban da ke cewa a yi haƙuri da ɗan da ya ƙudura tafiya. Morning Has Broken kuwa waƙar coci ce ta yabon Mahalicci, wadda Eleanor Farjeon ta rubuta a 1931. Faifan 1972, Catch Bull at Four, wanda ya yi mako uku a mataki na 1 a Amurka, ya samo sunansa daga matakan horon zuciya na addinin Budda. Wannan shi ne mutumin da ake zana wa yara a matsayin ɗan sharholiya wanda bai taɓa tuna lahira ba sai ranar da ya ajiye jita.

Ba a ce rayuwarsa ta lokacin tsarkakakka ce ba. Shi da kansa ya sha bayyana shaye-shaye da girman kai da ke tattare da sana'ar, ya kuma zauna a Barazil don guje wa harajin Birtaniya. A tsakiyar shekarun 1970 igiyar ruwa ta kusa halaka shi a gaɓar Malibu, a Kalifoniya, inda ya ce ya roƙi Allah ya cece shi, ya yi alkawarin yi masa aiki. Ba da jimawa ba yayansa David ya dawo daga Birnin Ƙudus ya kawo masa fassarar Alƙur'ani. Ya musulunta a Landan ranar 23 ga Disamba 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978. Ko bayan musuluntar bai daina nan take ba: faifan Back to Earth ya fito a Disamban 1978, wasansa na ƙarshe kuma ya yi shi a Wembley a Nuwamban 1979, don tallafa wa asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya kuma yi gwanjon kayan kiɗansa ya ba da kuɗin sadaka. Dalilin da shi ya bayar ya sha bamban da wanda ake ɗora masa. Ya ce ya tarar da saɓani a kan hukuncin kiɗa: wasu sun ce masa ya ci gaba muddin kalmominsa masu tsabta ne, wasu sun ce haramun ne, shi kuma sabon shiga ne wanda ya riga ya gaji da masana'antar, sai ya zaɓi ya nisanci abin shakka. Wannan tsantseni ne na mutum a kan kansa, kuma ya cancanci girmamawa. Mai da shi fatawa a kan ƴaƴan wasu aiki ne na masu ba da labari.

Su kuma masu kiran shekarun da suka biyo baya ɓatattun shekaru sai su amsa tambaya: me ya ɓace? A 1983 ya kafa makarantar firamare ta Islamia a arewa maso yammacin Landan, ya yi shekara goma sha biyar yana fafutuka har gwamnatin Birtaniya ta amince ta ɗauki nauyinta a 1998, abin da makarantun Kirista da na Yahudawa suka daɗe suna samu. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985, daga baya ya kafa Small Kindness don marayu da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Duk malamin da ya san wahalar tsayar da aji ɗaya ba zai kira wannan ɓata lokaci ba. Sai dai a nan ma akwai abin da ɓangare na farko ba ya son ji. Tsofaffin faifayen ba su daina sayuwa ba, kuɗinsu bai daina shigowa ba, kuma suna cikin abin da ya ba shi ƙarfin yin waɗannan ayyuka. Wanda ya yaba makarantar ya la'anci waƙoƙin, ya yaba inuwa ne ya zagi itacen.

Komawarsa ga rera waƙa ma a hankali ta zo, kuma ta ƙofar addini da jinƙai ta shigo. A 1995 ya fitar da The Life of the Last Prophet, tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da murya da ganga kawai. Yaƙin Bosniya ya ƙara motsa shi: ya hau dandamali a Sarayebo a 1997, a 1998 kuma ya fitar da faifai don tunawa da Irfan Ljubijankić, ministan harkokin wajen ƙasar da aka kashe a 1995, wanda shi ma marubucin waƙa ne. A can ya ga yadda waƙa take riƙe zukatan mutanen da aka yi wa ƙawanya. A 2000 ya fitar da A Is for Allah, faifan koya wa yara haruffan Larabci, wanda asalinsa waƙa ce da ya yi wa ɗiyarsa ta fari.

Akwai shafi guda da masu son gwarzo marar aibi suke son a rufe, kuma dole a buɗe shi. A Fabrairun 1989, bayan fatawar Ayatullahi Khumaini a kan marubuci Salman Rushdie, an tambayi Yusuf Islam ra'ayinsa a wata lacca a Kingston, sannan a wani shirin talabijin, ya ba da amsoshin da jama'a suka fahimta a matsayin goyon bayan hukuncin kisa. Gidajen rediyo da dama a Amurka suka daina sa waƙoƙinsa, ƙungiyar 10,000 Maniacs ta cire waƙarsa Peace Train daga faifanta. Ya sha cewa bai taɓa kiran a kashe kowa ba, cewa bayanin hukuncin shari'a ya yi, cewa abin da ya faɗa a talabijin raha ce marar kyau da ya yi nadamarta. Rushdie bai karɓi wannan bayani ba. Ko da an ɗauki uzurin yadda ya bayar da shi, darasin yana nan: mutumin da miliyoyi suka sani da waƙar zaman lafiya ya yi magana da sakaci a kan ran wani ɗan Adam, kuma tabon ya bi shi shekaru. Ƙungiyar al'adun da ta shirya zama a kansa ta tsallake 1989 ba ta da bakin zargin mai wa'azin da ya tsallake 2006.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 ya yi tir da kisan a fili, ya kuma rera Peace Train ba tare da kayan kiɗa ba don taron tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Wannan bai hana hukumomin Amurka karkatar da jirgin da yake ciki ba a Satumban 2004, suka sauke shi a Bangor suka mai da shi Landan. Wata biyu bayan haka aka ba shi lambar yabo ta zaman lafiya a Roma, daga hannun Mikhail Gorbachev. Jaridun Birtaniya biyu da suka danganta shi da ta'addanci sun biya shi diyya a 2005. A cikin waɗannan shekaru ne ɗansa ya shigo da jita gida, uban ya ɗauka bayan fiye da shekara ashirin. An Other Cup ya fito a Nuwamban 2006, Roadsinger a 2009. A 2014 aka shigar da shi zauren girmama mawaƙan rok a Amurka, ya fitar da Tell 'Em I'm Gone, faifan da makaɗan Tinariwen na arewacin Mali suka sa hannu a cikinsa, ya kuma wallafa ɗan littafi yana bayyana wa musulmi dalilin da ya sa har yanzu yake ɗauke da jita. A Maris 2019 ya rera waƙa a taron juyayin waɗanda aka kashe a masallatan Christchurch. A Yunin 2023, yana ɗan shekara 74, ya tsaya gaban dubban mutane a bikin Glastonbury.

Za a ce duniya ce ta rinjaye shi, ya ja da baya. Mai wannan magana yana da ƴancin ra'ayinsa, amma ya lura da abin da ya yi wa hujjarsa. Jiya Yusuf Islam shaida ne abin dogaro saboda ya bar kiɗa, yau ya zama marar tabbas saboda ya koma. Shaidar da ba a karɓarta sai in ta dace da abin da alƙali ya riga ya yanke, ba ta da amfani a shari'a. Saɓani a kan kayan kiɗa tsohon saɓani ne, ya girmi Cat Stevens da ƙarnoni. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan tsirkiya, Ibn Hazm na Andalus ya halatta su, Imam Gazali ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u yana rarrabe sauraron da ya halatta da wanda bai halatta ba. Warware wannan aikin masana fiƙihu ne, da littattafansu da hujjojinsu. Wanda yake ganin haramci ya kawo dalilinsa daga can, za a saurare shi da ladabi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a maye gurbin dalili da tarihin mutum wanda aka datse wa ƙarshe.

Sannan akwai abin kunya da ke ɓoye a ƙarƙashin labarin. Ƙarfinsa duka yana cikin kalma uku: har Bature ma. Me ya sa sai an ɗauko ɗan Landan kafin a gamsar da yaron Maraɗi ko Damagaram a kan abin da ya shafi addininsa da al'adarsa? Ƙasar Hausa ta yi ƙarnoni tana wannan muhawara da kanta, tana da malaman da suka tsananta a kan kiɗa, tana da masu begen Annabi da mandiri, tana da makaɗan fada da na noma, har Nijar ta sa wa gasarta ta kiɗa sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Al'ummar da ke da wannan gado ba ta buƙatar hatimin Turai, ko don ta hana ko don ta halatta. Jingina da musuluntar Bature don a ƙarfafa imani, da jingina da komawarsa ga jita don a wanke mawaƙa, duka biyun saura ne na tunanin zamanin mulkin mallaka, wanda ke auna gaskiya da launin fatar mai faɗinta.

Abin da ke cikin haɗari a nan shi ne mutuncin malami. Ɗalibin kwaleji a Yamai ko Tawa yana da waya a aljihu; cikin minti ɗaya zai ga dattijo mai farin gemu, mai suna Yusuf, yana kaɗa jita a dandamali. Daga ranar ba labarin kaɗai zai zubar ba, har da wanda ya ba shi labarin, da sauran nasihohin da suka fito daga bakin nan, masu kyau da marasa kyau. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma intanet ta ƙara rage masa zurfi. Haka nan yaron da Allah ya ba baiwar waƙa, wanda aka kunyata da wannan labari a gaban ƴan'uwansa, in ya gano an yaudare shi zai ɗauka cewa dole ya zaɓi ɗaya tsakanin baiwarsa da addininsa, alhali rayuwar da aka kafa masa hujja da ita tana nuna mutumin da ya yi shekaru yana wahalar haɗa su.

Saboda haka malaman Ingilishi da na tarihi, da ƙungiyoyin al'adu masu shirya lacca a gidajen matasa, in za su taɓa wannan labari su ba da shi cikakke: jinyar Midhurst da ɗaukakar 1971, musuluntar 1977 da gwanjon kayan kiɗa, makarantar 1983 da kuskuren 1989, sannan komawar 2006. Su bar ɗalibai su yi muhawara a kai, wasu su ga ya yi daidai da ya bari, wasu su ga ya yi daidai da ya koma. In ana neman abin da za a saurara a aji, akwai shi. A 2020, shekara hamsin bayan fitowar Tea for the Tillerman, ya sake ɗaukar faifan gaba ɗaya. Da ya zo kan Father and Son, sai ya rera baitocin uba da muryarsa ta tsufa, aka ɗauko muryarsa da aka naɗa a 1970 ta rera baitocin ɗa. Dattijo mai shekara 72 da saurayi mai shekara 22 suka yi musayar magana a waƙa ɗaya, ba wanda ya kori ɗan'uwansa, a bangon faifan kuma aka rubuta sunayen biyu, Yusuf da Cat Stevens. Mai rayuwar ya ƙi raba ta. Ba a ga dalilin da zai sa wani ya raba masa ita a gaban allo ba.